Sun ce tiyata za a yi ma jinjirin ga, amma kwana biyu sai ƙarin ruwa, ko nono sun hana

Maman Sadiya: Assalamu alaikum jama'ar gidan ga, don Allah wanda yas san wani abu bisa lamarin ga shi taimaka muna da shawara don kaina ya kulle. Ɗan ƙanwata na, namiji, haihuwar fari, yau kwananai 36 ko arba'in ba su yi ba. Tun wajen sati ukku da haihuwa yaf fara amai, mu duka munka ɗauka tumbuɗi na irin na jarirai, to abin sai yaƙ ƙi tsayawa kullum ƙaruwa shi ka yi. Kuma ba tumbuɗin da kunka sani ba wanda ka gangarowa gefen baki a goge da bakin zane, wannan feshi na, ranar Lahadi ina zaune bisa tabarma ita tana bakin gado tana ba shi, yana sakin nono sai ga shi tsiiit har bisa gyalena, wallahi tsakaninmu ya kai taku biyu. Yana gama aman kuma sai shi buɗe baki yana neman nonon kamar ba shi yas sha ba. Shekaranjiya munka kai shi asibiti anka yi sikanin, likita yac ce wai ƙofar tumbinai ta toshe, ya faɗi wani suna failorik wani abu, sai an yi tiyata. Munka ce to Allah shi sa a yi a sa'a. Yau kwana biyu ke nan ba tiyata ba labarinta, sai ƙarin ruwa da ɗibar jini, an zura mai roba ta hanci, kuma sun ce kada a ba shi nono ko ɗigo. Yaro na kuka uwatai na kuka. Ubanai ya rantse in gobe ba a yi ba ɗauke ɗanai za shi yi. Shin haka ake yi ko dai wasa su ka yi da mu?

Uwar 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam, subhanallahi, Allah sarki bawan Allah. Allah shi ba shi lahiya

Baban Walid: Amin. Maman Sadiya ki ce ma mijin ƙanwarki kada shi kuskura shi ɗauke yaron ga. Ina bisa hanya yanzu, in na sauka zan ba ku labarin nawa ɗan.

Ɗan Runji: Hmm. Anti ku dai bincika ko akwai wani bil da ba ku biya ba. Mu da munka yi jinya mun san takon, in kin ji ana ce miki sai gobe sai gobe to aljihu a ka kallo. In tiyatar ta gaggawa ta, mi as sa ba a yi ta ranar ba? In kuma ba ta gaggawa ba ta, mi as sa anka hana shi abinci? Ɗaya cikin biyu dai.

Maman Sadiya: Wallahi duk abin da sunka rubuta mun saya, kuɗɗin aikin ma an biya tun jiya rasit na hannun ubanai

Hajiya Inno: Ɗiyata an duba bakin yaron ga kuwa? An cire mai belu? Mu zamaninmu in jinjiri na amai haka belu a ka fara dubawa, sannan a jiƙa bauri a ba shi. Ɗiya tara nih haifa ba wanda anka tsaga ma ciki. Kuma ni abin da ban gane ba, jinjirin da bai yi arba'in ba a raba shi da nonon uwatai kwana biyu, yunwa ba ta kashe shi tun kahin cutar?

Admin: Bari a jira Sista, wannan ɓangarenta ne. Na kira ta ta ce tana hanyar gida.

Sista Mabera: Salamu alaikum, yanzu na shigo na ga saƙonni. Maman Sadiya ki kwantar da hankalinki, abin da kika lissafa kaf ɗinsa haka ake yi, kuma da a ce ranar da kuka je suka sure shi suka shiga tiyata, nan ne ni zan ce ku ji tsoro. Shekarata 11 ina aiki da masu sa barci a ɗakin tiyata, irin yaran nan sun sha biyowa ta hannunmu. Ba ni ke duba ɗanku ba kuma ban ga katinsa ba, don haka maganar likitansa tana gaba da tawa, amma bari in faɗa miki abin da ake jira.

Tumbi yana da ƙofa ta ƙasa inda abinci ke fita ya shiga hanji, kuma tsoka ce ta zagaye ƙofar kamar zobe. A yaran nan tsokar ce ke yin kauri tana shaƙe hanyar a hankali a hankali, shi ya sa ake haihuwarsu lafiya lau a yi suna a watse, sai tsakanin sati 2 zuwa 8 abin ya fito. Nono ya shiga ba hanyar wucewa, tumbi ya matsa da ƙarfi, sai ya dawo ta sama da feshin nan da ya same ki a gyale. Yunwar da kika gani kuma ta gaske ce don kusan ba abin da ke isa hanjinsa.

Sista Mabera: To ga inda gizo ke saƙar. Aman ba nono kaɗai yake fitarwa ba. Tumbi yana yin wani ruwa mai tsami, asid, na narka abinci, duk amai da shi yake fita. Ku mata kun san in miyar yakuwa ta yi tsami kanwa ake jefawa ta kashe shi, in kanwar ta zarce kuma miya ta tashi daga aiki. Jinin mutum haka yake, tsami da kanwa a daidaice. Yaron da ya yi sati biyu yana zubar da tsamin cikinsa, jininsa ya rinjaya ɓangaren kanwa, wani gishirin jini da ake ce ma kuloraid ya yi ƙasa, wani gishirin kuma fotasiyam shi ma ya yi ƙasa, ga ruwan jiki ya ƙafe balle a zafin garin nan da ake wuce digiri 40. Shi kuma numfashi, ƙwaƙwalwa tsamin jini take lura da shi tana ba da umarni a ja. In kanwa ta yi yawa sai ta yi sanyin ba da umarnin. Ki ɗora maganin barci a kan wannan, ga jariri ɗan kilo 3, sai a gama aiki lafiya a ɗinke amma yaro ya ƙi dawowa da numfashinsa, ko ya riƙa ɗauke shi cikin dare ba wanda ya lura. Toshewar ba ta kashe yaro yau ko gobe matuƙar ruwa na shiga ta jijiya. Bushewa da rikicewar jini su ke kisa, kuma su ake yaƙa da ledar ruwan nan da kuke ganin kamar ba a fara komai ba.

Ɗan Runji: Sista mun ji, amma har yaushe? Ai jira ba shi yiwuwa ba iyaka

Sista Mabera: Yana da iyaka, har lamba gare shi. Galibi awa 24 zuwa 48, wanda aka kawo a makare ya bushe sosai yakan ci kwana 3 ko fiye. Yawancin likitoci suna son kuloraid ya kai 100 ko sama, baikabonet wato ma'aunin kanwar ya sauko ƙasa da 30, kuma yaro na fitsari sosai. Ɗibar jinin da kuke gani safe da yamma shi ake dubawa. Maman Sadiya ki samu nas ko ƙaramin likita ki ce don Allah a faɗa miki lambobin nan biyu, na ranar farko da na yau. Kuma ku riƙa ƙirga famfas ɗin da ya jiƙa, kada ku yar kafin nas ta gani, wasu wuraren har auna shi suke a sikeli. Fotasiyam ma ba a zuba shi a leda sai an ga yaro ya fara fitsari, don in ya taru a jini zuciya yake taɓawa.

Uwar 'Yan Biyu: Sista tsaya, wannan kanwa da kike faɗi, ba kunun kanwar da mai jego ka sha ba ne ya bi ta nono? don ni wallahi kofi biyu ni ka sha da safe

Sista Mabera: Hhh a'a Maman 'yan biyu, misali ne kawai na kawo. Daga aman ne, ba daga kununta ba. Kuma tunda an taɓo nan, don Allah kada wani ya ce ma yarinyar nan nononta ne ba kyau, na san mutanenmu, yanzu za a fara cewa a gwada nonon ko a wanke shi. Nononta lafiyarsa ƙalau.

Maman Sadiya: Kamar kina gidan, uwar mijin ta riga ta faɗa tun satin da yaw wuce. Bari in tahi in tambayo lambobin

Hajiya Inno: Ni har yanzu ba a amsa min zancen yunwa ba

Sista Mabera: Yi haƙuri Inna. Ruwan da ake sa masa akwai sukari a ciki da gishiri, kuma ana duba sukarin jininsa, shi ke riƙe da shi. Yunwar baki yana jinta ba zan yi miki ƙarya ba, kukan nan nata ne, amma ki tuna sati biyun da ya yi yana shan nonon ma ba ya zama, da nonon da babu kusan duk ɗaya ne a wurinsa, sai ma ƙarin amai da ke ƙara ɓata jinin. Robar hancin kuma ba ta abinci ba ce, ta janye abin da ya taru a tumbi ce. In yana kuka uwar ta rungume shi a ƙirji, ta tambayi nas ko za a bari a sa masa robar tsotso. Ita kuma ta riƙa tatse nononta duk bayan awa 2 zuwa 3 har da dare, in ba haka ba zai sanƙare ya sa ta zazzaɓi, kuma ranar da za a ce a ba shi a tarar ya ja baya.

Maman Sadiya: Na dawo. Wata nas mai kirki ta buɗe min fayil, tac ce ranar da munka zo na farkon 84 na biyun 38, na yau da safe kuma 93 da 33. Tac ce za a sake ɗiba da magariba. Famfas jiya ɗaya yaj jiƙa yini guda, yau har ukku

Sista Mabera: Alhamdulillahi, kin ga hanya yake bi. 84 da 38 ba wasa ba ne, yaron nan ya jigata kafin ku kai shi, da an sa masa barci a haka Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. Nuna ma babansa lambobin nan, ki ce 100 ake nema an taso daga 84 an kai 93. Namiji in ya ga lissafi ya fi saurin yarda.

Ɗan Runji: To na janye zancen bil amma ban janye duka ba. Sista tsakani da Allah, bayanin ga da kinka yi cikin minti goma, mi ah hana su yi ma uban yaro shi tun ranar farko? Mutum ya sai da tumakinai ya biya kuɗɗin aiki, kullum a aike shi lab da wata takarda shi biya, ba wanda ka ce mai ga dalili, likita shi zo zagaye shi yi turanci da yaranai shi wuce. Ni lokacin da nij yi jinyar mahaifiyata sau ukku ana ɗage aiki, na farko ba wuta na biyu ba jini na ukku likitan ya yi tahiya, kuma kowane karo cewa a ka yi jikinta bai shirya ba. To ta yaya talaka za shi bambance jiran gaskiya da jiran sakaci?

Sista Mabera: Wannan kam ka faɗi gaskiya, ba zan kare mu ba. Muna da laifin rashin bayani, wani lokaci aiki ne ya yi yawa nas ɗaya yara ashirin, wani lokaci kuma halin mutum ne kawai. Kuma e, ana ɗage aiki don abin da bai shafi majinyaci ba. A wannan ciwon dai hanyar ganewa mai sauƙi ce, lambobin. In suna tafiya inda ake so, jiran gaskiya ne. In sun kai kuma aka wuni aka kwana ba a sa lokaci ba, ku nemi ganin babban likitan da kansa ku tambaya cikin ladabi me ya rage. In kuma kwana biyu lamba ba ta motsa ba shi ma abin tambaya ne, wata sa'a allurar hannun ce ta goce ruwan ba ya shiga, ku duba in hannun ya kumbura ko ɗigon ya tsaya ku kira nas, kada ku murɗa abin da kanku.

Baban Walid: To na iso. Ni abin ga ya same ni shekara shida da sunka wuce, Walid ɗina na fari. Mu lokacin muna ƙauye wajen Gwadabawa, yaf fara aman yana da wata ɗaya, kuma abin da Hajiya taf faɗi shi munka yi, anka kira wanzami yac cire belu. Ba na mantawa, bayan la'asar anka yi, har isha'i jini na tsattsafowa bakinai, uwatai na gogewa da auduga tana jefawa cikin wani kwano har kwanon yay yi rabi. Amai kuma bai fasa ba, sai ma yad dawo da jini-jini. Munka ƙara sati guda muna bauri muna rubutu, sai da maɗigatai taf faɗa kamar an danna da babban yatsa, idanu sunka zurma, fatar cikinai in ka ja sai ta tsaya, sannan munka ɗauko mota zuwa cikin gari. Kwana huɗu munka yi ana ƙarin ruwa har da ƙarin jini leda guda saboda wanda yaz zubar. Ni ma na yi faɗa, na ɗaga ma wata nas murya har yau ina jin kunyar abin. Ranar da anka shiga da shi, kahin in gama sallar walaha in sha shayi bakin get an fito. Ta gefen cibiya sunka yanka, yanzu sai ka duba da kyau ka ga tabon. Yaron ga yau yana aji ɗaya, tuwo kuwa sai an ƙwace kwano.

Hajiya Inno: To Baban Walid naka wanzamin na bai iya ba. Wanzanci gado na, ba yau anka fara ba

Baban Walid: Hajiya ko ya iya, cutar tana ƙasan tumbi shi yana yanka cikin maƙogwaro, ina sunka haɗu? Rijiya ta toshe a gyara bakin guga

Hajiya Inno: Yaran zamani ba a faɗa muku magana

Admin: A yi haƙuri, Hajiya uwa ce a gidan nan. Baban Walid a sassauta.

Baban Walid: Tuba ni kai Hajiya, zafin abin da nig gani na

Ɗalibin Likita: Salam, in ɗan ƙara a kan na Sista, mun yi wannan a aji bana. Ciwon ya fi kama maza, wajen maza 4 ga mace 1, kuma ya fi yawa a 'ya'yan fari, yana kuma bin dangi, in uba ko uwa sun yi shi suna jarirai ɗansu ya fi kusa da yi. An kuma lura jariran da aka ba maganin kashe ƙwayoyin cuta eritromaisin ko azitromaisin a sati biyun farko na rayuwa sun fi haɗarin samunsa, shi ya sa sayen sirof a kemis a ɗura ma jariri ba likita ba abin wasa ba ne. A sikanin kaurin tsokar ake aunawa, in ya kai milimita 3 ko fiye, tsawon hanyar kuma wajen milimita 15, an tabbatar. Wani lokaci likita na iya jin ƙullin da yatsa a saman ciki ɓangaren dama kamar ɗan zaitun. Wani likita ɗan Danmak, Hirschsprung, shi ya yi cikakken bayanin ciwon a 1888, aikin da ake yi yanzu kuma sunan wani Bajamushe yake ɗauke da shi, Conrad Ramstedt, da ya wallafa shi a 1912. Kafin nan yara da yawa mutuwa suke yi.

Ɗan Runji: Dokta ƙarami an zo da littafi hhh. To ba magani na sha ko allura sai wuƙa?

Ɗalibin Likita: Akwai wani magani atirofin da ake gwadawa a wasu ƙasashe, amma sai an yi makonni ana ba da shi ana sa ido kuma bai kai tiyata nasara ba, galibi sai yaron da ba zai iya ɗaukar aiki ba ake ma shi.

Hajiya Inno: Wai tumbin za su yanke su jefar ko mi?

Sista Mabera: A'a Inna ba abin da ake cirewa. Ki ɗauka tiyo ne aka naɗe shi da roba mai kauri ta shaƙe shi, robar wajen ake tsagawa a tsaye a buɗa ta, tiyon ciki ba a taɓa shi, sai hanya ta saki. Tsokar ma ba a ɗinke ta, a buɗe ake barinta ta warke haka, fatar ciki kawai ake rufewa. Aikin kansa bai cika kai awa ɗaya ba. Wasu wuraren da na'urar leƙe ake yi ta ƙananan huji, wasu a yanka kaɗan a saman ciki ko ta gefen cibiya kamar na Walid, duk aiki ɗaya ne.

Maman Sadiya: Jama'a ku yi haƙuri da dare, akwai abin da ban faɗi ba kuma ya hana ni sukuni. Ɗazu bayan isha'i nas ta fita, kakar yaron ta ɗauko zamzam a murfin gora ta ɗiga mai, sannan tac ce ma uwar ta ɗan ba shi nono kaɗan ba wanda za shi sani, ita kuma yarinya ta ba ta iya musu da surukuwa, ya sha kamar minti biyu. Bai yi amai ba har yanzu. In faɗa ma nas ko in yi shiru? Ina tsoron su yi hushi su ƙara ɗage muna

Sista Mabera: Tashi yanzu ki faɗa. Yanzu, ba da safe ba. Za su yi faɗa, ki shanye, faɗan nas bai taɓa kashe kowa ba. Abin da mai sa barci ya fi tsoro a duniya shi ne ciki da abu a ciki bai sani ba, don lokacin da barci ya ɗauki yaro maƙogwaronsa ba ya iya kare kansa, in abin cikin ya taso huhu yake gangarawa, kuma nono a huhun jariri bala'i ne. A ciwon nan tumbi ba ya zubar da abin da ke cikinsa ko an yi awa goma, rashin aman ba ya nufin ya wuce, yana nan zaune. In sun sani za su zuƙe ta robar hancin, dama kafin a sa barci sai an zuƙe tumbin an juya yaro dama da hagu an sake zuƙewa. Ki faɗi lokacin da aka ba shi da abin da aka ba shi har zamzam ɗin. Ita kuma kaka kada a ci mata fuska, tausayi ne ya sa ta, a ba ta aiki, ta riƙe gorar ta shafa masa a ka ta yi masa tofi, baki dai a bar shi.

Maman Sadiya: Na faɗa. Ta wanke mu tas wallahi har maƙwabtan gado na leƙe, amma ta zo da sirinji ta ja ta robar, sai ga nonon ya fito a guntse kamar kindirmo, ya fi abin da nike zato yawa. Kakar da tag gani ba ta sake cewa uffan ba

Uwar 'Yan Biyu: Ni duk kun tsorata ni, Hassan ɗina ma yana tumbuɗi kusan duk shan nono, watansa biyu da rabi

Sista Mabera: In yana ƙiba, yana jiƙa famfas biyar shida a yini, abin kuma gangarowa yake ba feshi ba, wannan tumbuɗi ne na jarirai, ki riƙa ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, ki kuma kai shi awo a duba nauyinsa. Wanda ake gudu shi ne feshi bayan kowane sha, kullum yana ƙaruwa, yaro na ramewa, fitsari da kashi sun ragu. Sannan ku riƙe wannan daban: in aman jariri ya fito kore kamar ruwan ganye, wannan ba ciwon da muke magana ba ne, na ƙofar tumbi fari yake fita kalar nono. Kore na iya zama hanji ne ya murɗe, shi kuma ba a jira da shi, ko ƙarfe biyun dare ne a nufi asibiti. Kada wani ya karanta hirar nan ya ce ai Sista ta ce tiyatar jarirai ba a gaggawa.

Sista Mabera: Maman Sadiya saura shiri na safe in Allah ya sa jinin ya yi. Baban ya kwana kusa ko ya zo da asuba wayarsa a kunne, don shi za a nema ya sa hannu, na sha ganin an shirya yaro tsaf an rasa mai sa hannu ya tafi kasuwa. Kafin ya sa ya tambayi duk abin da ke ransa. A cire ma yaron laya da guru da duk wani zare na wuya ko ƙugu a ba kaka ta ajiye, a goge kwalli. Ku tanadi hula da safa da tawul mai kauri, na san za ku ce a wannan zafin, amma ɗakin tiyata da sanyin esi yake kuma jariri nan da nan jikinsa ke hucewa. In akwai wanda a danginku ya taɓa samun matsala da maganin barci ko jininsa ba ya tsayawa in ya yanke, ku faɗa ma mai sa barcin in ya zo duba shi.

Hajiya Inno: Ita mai jegon wa ka yi mata ruwan wanka can? Kwana ukku ba wanka ba kunu, ku kuna ta jinjiri kun manta uwa

Maman Sadiya: Wallahi Hajiya ba wanda yat tuna, biredi da lemu ta ka ci

Hajiya Inno: Turo min lambarki ta gefe. Gobe jikana za shi kawo kunu cikin fulas da farfesu, ta samu abin tatsa

Maman Sadiya: Barkanmu da asuba. Na magariba 98 da 30, na yanzu 102 da 27. Sun ce ƙarhe tara za a shiga. Ubanai ya sa hannu, hannun na rawa. A sa mu addu'a

Ɗan Runji: Allah shi sa a fito lahiya

Baban Walid: Amin ya Rabbi. Ka da ku tsaya bakin ƙofar kuna kallon agogo, ku tahi ku karya

Maman Sadiya: Alhamdulillahi an fito tun goma saura, ya farka yana ta tsala kuka, filasta ɗan ƙarami gefen cibiya. Da la'asar sunka ce a ba shi nonon da anka tatsa kaɗan a sirinji, ya shanye, na biyun kuma ya ɗan dawo da shi. Uwar ta rikice wai aikin bai yi ba

Sista Mabera: Barka barka. Ki ce mata amai kaɗan kwana ɗaya ko biyu bayan aikin yawancinsu suna yi, tumbin ya wahala ne bai gama dawowa daidai ba, a ci gaba da ba shi yadda nas ta tsara ana ƙarawa a hankali. Ku sa ido a numfashinsa daren yau, in ya yi zazzaɓi ko ciki ya kumbura ya yi tauri ko wurin ɗinkin ya yi ja yana ruwa ku kira su nan take. In ya riƙe nono galibi kwana ɗaya zuwa biyu ake sallama, naku da ya zo a jigace suna iya ƙara masa kwana.

Maman Sadiya: To Sista Allah shi saka. Yanzu haka ya yi kashi na farko tun ranar Talata, kakar ta hana a yar da famfas ɗin wai sai likita ya gani, tana riƙe da shi cikin leda tana nuna ma duk wanda yash shigo. Hajiya fulas ɗinki na nan na wanke, in ba yaron ko in aje sai gobe?

Hajiya Inno: Ba shi, da wanne za a zubo na gobe